Babi na Shida: Ɗan Sanda da Mai Zanga-zanga a Titunan Fagge da Sabon Gari

Kaso mai tsoka na cinikin Kano a ƙaramar hukumar Fagge ake yin sa. A nan Kantin Kwari yake, inda 'yan kasuwa ke zuwa sarin atamfa da shadda daga Nijar da Chadi da Kamaru. A nan Singa take da buhunan shinkafa da sukari, ga 'yan canji a Wapa, ga babbar kasuwar Sabon Gari mai ɗauke da sunan Abubakar Rimi, ga tashar New Road da manyan motocinta masu zuwa Kudu. Wurin da dukiya ta taru haka ba ya rabuwa da buƙatar mai gadi. Shi ya sa babu unguwar da ta fi wannan yanki neman ɗan sanda, babu kuma inda labarin zanga-zanga ya fi sa a jawo ƙofofin shaguna tun kafin a ga ko mutum ɗaya a kan titi.

Idan ka zauna da mutanen wurin za ka ji magana iri biyu daga baki ɗaya. Mai shagon da ke yi maka ƙorafin an karɓe wa yaronsa kuɗin beli da safe, shi ne zai buga wa DPO waya da yamma idan ya ji motsin 'yan daba a bakin layi. Matashin da ke cewa tsadar rayuwa ta kai shi bango, shi ne zai ce maka a Kano ba a zanga-zanga a tashi lafiya. Wannan babi zai bi sawun waɗannan maganganu biyu, domin a ganina tushensu ɗaya ne: an daɗe ana ɗora wa ɗan sanda aikin tsare mai mulki daga talaka, aka bar aikin tsare talaka a baya.

Daga dogari zuwa ɗan doka

Kafin Turawa su ci Kano a Fabrairun 1903, dogaran sarki ne ke kama mai laifi su kai shi gaban alƙali. Turawa ba su rushe wannan tsari ba. Sun gyara shi ne ya dace da mulkinsu, har aka samu 'yan gadi, daga baya 'yan doka, a ƙarƙashin En'e. A gefe guda kuma ga 'yan sandan gwamnati, waɗanda asalinsu ke komawa ga rundunar Hausawa da Kyaftin Glover ya haɗa a Legas a shekarun 1860. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya.

Fagge tsohon zango ne na fatake da masu raƙuma a wajen ganuwa. Sabon Gari kuwa an yanka ta ne wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tana hannun Bature kai tsaye har 1940, lokacin da aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. Ke nan maƙwabta biyu da hanya kawai ta raba sun tashi a ƙarƙashin hukuma daban da kotu daban, kowa yana kallon ɗan'uwansa daga nesa.

A wani gida a Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, da mutane irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Abin da 'yan NEPU suka fi shan ɗauri a kansa shi ne yin taro ba izini. En'e ce ke ba da izinin, ita ce kuma ake suka a wurin taron, 'yan dokarta ne ke kamu, alƙalinta ne ke yanke hukunci. Hajiya Gambo Sawaba ta zo daga Zariya ta yi wa matan Kano lacca, aka kama ta, aka ɗaure, aka kore ta daga garin. Marigayi Alhaji Ado Bayero, wanda ya riƙe muƙamin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962 kafin ya hau gadon sarauta a 1963, ana tuna shi da ƙoƙarin rage kamen 'yan adawa. Da sojoji suka karɓi mulki, a zamanin Gowon aka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. Kaki ya canza, amma tunanin cewa taron jama'a alfarma ce da hukuma ke bayarwa ko ta hana bai canza ba.

Kwana huɗu na Mayun 1953

A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudiri a majalisa a Legas cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ƙi amincewa da sa rana, aka yi musu ihu a titi har zuwa tashar jirgin ƙasa. Da jam'iyyar Action Group ta turo tawaga a ƙarƙashin S. L. Akintola domin yin taro a otal ɗin Colonial da ke Sabon Gari ranar Asabar 16 ga Mayu, garin ya riga ya ɗau zafi. Aka janye izinin taron, amma jama'a sun riga sun fito. Jifa ta fara, faɗa ya kaure tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwashe kwana huɗu ana yi. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Sai da aka kafa dokar ta-ɓaci aka kuma ja waya mai ƙaya tsakanin unguwannin biyu.

Darasin da hukuma ta ɗauka daga wannan shi ne taro haɗari ne, a hana shi. Amma taron Akintola bai ma zauna ba. Abin da ya kashe mutane shi ne rashin jami'an da za su tsaya tsakanin ɓangarori biyu tun ranar farko. Irin wannan giɓi ya sake bayyana a rikicin Maitatsine na Disambar 1980, da tarzomar 10 ga Yuli 1981 da aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta, da rikicin zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke a Oktoban 1991, wanda ya fi yi wa Sabon Gari da Fagge ɓarna. Dattijon da ya ga waɗannan da idonsa yana da hujja idan ya hana ɗansa fita.

Bayan kanta

Ra'ayin mutum game da ɗan sanda ba a ranar tarzoma yake ginuwa ba. Yana ginuwa ne a ranakun da babu komai: a shingen bincike, a bakin kasuwa, a caji ofis. A bangon kowane ofishi an rubuta cewa beli kyauta ne, amma da wuya ka sami mai Adaidaita Sahu ko ɗan dako da zai ce maka ya fito daga bayan kanta ba a taɓa aljihunsa ba. Wanda aka yi wa sata ya kai ƙara, sai a nemi kuɗin takarda da kuɗin mai. Akan yi kamen kan mai uwa da wabi da dare, da safe iyaye su yi layi a "sasanta". Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa kusan ɗaya cikin mutum uku da suka yi hulɗa da ɗan sanda ya gamu da maganar cin hanci.

A nan dole a faɗi gaskiyar da ta shafe mu. A Kwari da Singa da Wapa bashi da amana su ne jarin ciniki, kuma idan biya ya gagara, hanya mafi sauri da mutane suka sani ita ce a sa 'yan sanda su ɗauko wanda ake bi. Idan ba a same shi ba, a ɗauko ƙanensa ko mai tsare masa shago. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta duka biyun: sashe na 32 ya hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya, sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wanda ake zargi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma babu wani lungu a Fagge da ya kai wannan nisa daga kotu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wani azaba. Ɗan kasuwar da ya ba da na goro aka tsare masa abokin ciniki mako guda, shi ya koya wa kurtu cewa 'yancin mutum abin sayarwa ne, kuma gobe ɗansa za a gwada wa.

Shari'ar da ta taso daga Kano

Mutane da yawa a Kano ba su san cewa hukuncin da ya tabbatar wa ɗan Nijeriya 'yancin fita zanga-zanga daga garinsu ya samo asali ba. Bayan zaɓen 2003, jam'iyyar ANPP ta nemi izinin yin gangami domin nuna rashin amincewa da sakamakon, 'yan sanda suka hana. A watan Satumba aka yi gangamin a Kano, Janar Muhammadu Buhari da mataimakinsa a takara Dakta Chuba Okadigbo suna wurin, aka watsa wa jama'a barkonon tsohuwa. Okadigbo ya rasu ranar 25 ga Satumba, magoya bayansa suka danganta rasuwar da hayaƙin da ya shaƙa.

ANPP da wasu jam'iyyu 11 suka kai ƙara, Femi Falana ne lauyansu. A 2005 Babbar Kotun Tarayya ta ce neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Sufeto Janar ya ɗaukaka ƙara, a Disambar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin, ta dogara da sashe na 39 da na 40 waɗanda suka ba da 'yancin faɗin albarkacin baki da na taruwa. Dokar 2020, wadda Buhari da kansa ya sa wa hannu yana shugaban ƙasa, ta ƙara gaba: sashe na 83 ya ce idan an sanar da 'yan sanda za a yi taro ko jerin gwano, wajibinsu ne su tura jami'ai su ba da tsaro. Sanarwa ake yi, ba roƙo ba. Wannan ce dokar ƙasa a yau, ko da abin da ake gani a titi bai yi kama da ita ba.

Janairun 2012: fuska biyu a wata ɗaya

Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 140. Matasan Kano suka mamaye shataletalen Silver Jubilee suna kwana a wurin. Abin da aka gani a can ya ƙaryata masu cewa Kano ba ta iya zanga-zangar lumana: Kiristoci suka yi da'ira suna gadin Musulmi lokacin salla, daga baya Musulmi suka ziyarci coci-coci a Sabon Gari domin kwantar wa maƙwabtansu hankali. Wannan zama na lumana shi 'yan sanda suka tarwatsa cikin dare da kulki da barkonon tsohuwa. Da yajin aiki ya fara ranar 9 ga wata aka nufi gidan gwamnati, sai da aka zubar da jini. Gwamnati ta sauko da farashin zuwa naira 97.

Kwana kaɗan bayan haka, ranar Juma'a 20 ga Janairu, Boko Haram ta kai hari hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da ofishin shiyya ta ɗaya da wasu ofisoshin, aka kashe aƙalla mutum 185, cikinsu da jami'ai da dama. Kanawa suka ga ɗan sanda a matsayin wanda ake farauta, mai mata da 'ya'ya a bariki. Aka tausaya masa. Sai dai shingayen da suka biyo baya, inda ake sa mai babur ya sauka ya tura, dattijo ne ko yaro, sun cinye wannan tausayi da sauri. Da bam ya tashi a tashar New Road ranar 18 ga Maris 2013, mutanen Sabon Gari ƙarin jami'ai suka nema, ba ragi ba.

Daga EndSARS zuwa Agustan 2024

Wannan buƙata ta tsaro ce ta sa zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ba ta karɓu a Arewa kamar a Legas ba. Gwamnonin Arewa sun fito sun ce rundunar 'yan sanda ta SARS, wadda ake neman a rusa, na da amfani a yankinsu, jama'a da yawa kuma suna ganin 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane sun fi damunsu. Amma hakan ba ya nufin babu zalunci a nan. Ranar 19 ga Oktoba mutanen Ƙofar Mata suka fito a fusace bisa zargin wani matashi ya mutu a hannun 'yan sanda. Washegari masu zanga-zanga suka taru a Sabon Gari, wasu ɗauke da makamai suka far musu, aka jikkata mutane, aka ƙona motoci da shaguna a wajen titin filin jirgin sama. Tsaron da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yi alkawari, wata guda kacal bayan sa mata hannu, bai iso kan lokaci ba.

Ranar 1 ga Agusta 2024 aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, bayan janye tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. Tun da rana ɓata-gari suka shiga, aka wawashe sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa NCC, aka yi ɓarna a babbar kotun jiha, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Babu mai hankalin da zai kare wannan ɓarna. Amma ƙungiyar Amnesty International, a rahoton da ta fitar a Nuwamba, ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a ƙasar, 12 daga cikinsu a Kano, a Ƙofar Nasarawa da Rijiyar Lemo, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Fagge. Rundunar 'yan sanda ta musanta, ta nemi ƙungiyar ta janye rahoton. Iyayen da suka binne 'ya'yansu suna nan a unguwanninsu, ana iya zuwa a tambaye su.

Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, akasarinsu daga Kano, da yawansu ƙananan yara da suka yi wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowannensu. Sai da duniya ta yi caa sannan Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sakin su ranar 4 ga wata. Yaron da ya shiga wannan hali, da ƙannensa da abokan wasansa, da wane ido za su kalli kaki nan da shekara ashirin?

Abin da Kanawa ke so

Masu cewa Bakano ya tsani ɗan sanda su tuna da Kwamishina Mohammed Wakili. Watanni kaɗan ya yi a Kano a 2019 kafin ya yi ritaya, amma matasa suka laƙaba masa Singham, sunan jarumin ɗan sanda na fim ɗin Indiya, hotonsa ya cika bayan Adaidaita Sahu. Dalili kuwa a fili yake. Ya yaƙi dillalan ƙwaya, ya yi wa jama'a magana da Hausar da suke ji, kuma a lokacin zaɓen gwamna an ga bai ji tsoron kama manyan jami'an gwamnati ba. Mutane ba su taɓa ƙin doka ba, bambanci suke ƙi.

Shi ma kurtun da ke tsaye a shataletalen Bata cikin rana yana da nasa kukan. Albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, barikinsa na yoyo, sau da yawa shi ke ɗinka kakinsa, ga dubban abokan aikinsa an tura su gadin manya da riƙe wa matansu jaka. A Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki a karon farko a tarihin ƙasar. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito titin Abuja da kwalaye suna kukan fansho. 'Yancin da ɗan sanda ke tarwatsawa yau, shi ne zai dogara da shi ranar da ya ajiye kaki. Talauci ba ya halatta karɓar cin hanci ko harbin wanda ba shi da makami, amma gwamnatin da ta ba mutum bindiga ta bar shi da yunwa tana da kaso a laifin.

Abin yi

Hana zanga-zanga bai taɓa hana tarzoma a Kano ba. Abin da yake yi shi ne ya tsorata malamin makaranta da lauya da ɗan ƙwadago su zauna a gida, titi ya rage wa ɗan daba. Ruwan da aka toshe wa hanya ba ya komawa baya, gidan maƙwabci yake shiga, kuma a Kano wannan gida Fagge ne da Sabon Gari.

Ga rundunar 'yan sanda: ta karɓi sanarwa, ta zauna da masu shiri a tsara hanya da lokaci, ta raka su, ta ajiye jami'ai a ƙofofin kasuwanni, ta ware ɓarawo daga mai kwali, ta bar harsashi mai rai a ma'ajiya. Duk lokacin da aka rasa rai, a yi bincike a fili a faɗi sunan wanda ya harba. Ga masu shirya zanga-zanga: su fito da sunayensu da buƙatunsu, su naɗa masu kula da sahu, su hana yara ƙanana shiga, su tashi kafin duhu. Ga shugabannin Kwari da Singa da Sabon Gari: su kai rikicin bashi gaban kwamitin sulhu na kasuwa ko kotu, su kuma ajiye lauya da kowane ɗan dako zai iya kira. Alƙalan majistare su riƙa kai ziyarar wata-wata wuraren tsare mutane kamar yadda dokar shari'ar laifuka ta tanada. Limamai da fastoci da masu unguwanni su sa baki tun kafin ranar fita.

Kai kuma mai karatu, ka san haƙƙinka ka koya wa na ƙasa da kai. Idan an zalunce ka, ka rubuta suna da rana da wuri, ka kai ƙara sashen karɓar ƙorafi na rundunar, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Idan ka ga jami'in da ya yi gaskiya, ka yaba masa a gaban jama'a. Kada ka biya a tsare wani, kada ka ɗauki tsinken wani da sunan zanga-zanga. Zaman lafiyar Fagge da Sabon Gari ba zai tabbata ba sai ranar da talaka zai fita ya faɗi kukansa, ɗan sanda na gadinsa, mai shago kuma bai rufe ƙofarsa ba.